Alamomin ƙwayar halitta a ƙarin ƙwaƙwalwar yara

Alamomin ƙwayar halitta sauye-sauye ne da ake samu a DNA ko kuromosom ko furotin na ƙari, waɗanda likita ke dubawa don ya san irin ƙarin, da saurin yaɗonsa, da maganin da zai ji. Bayan sankarar jini, ƙarin ƙwaƙwalwa da laka ne dajin da ya fi kama yara.

Tarihi

Shekara da shekaru madubin likita ne alƙali. A 1925 likitoci biyu a Amurka, Percival Bailey da Harvey Cushing, suka raɗa wa wani ƙari da ke tsirowa a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya suna medulobilastoma, bisa kamannin ƙwayoyinsa kawai. A kan wannan turba Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rabe-rabenta na farko a 1979. Sai dai akwai abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai: yara biyu, ƙari iri ɗaya a madubi, tiyata ɗaya, gashin radiyashon ɗaya, amma wannan ya miƙe, wancan cutar ta dawo masa.

Amsar ta fara fitowa ne wajajen ƙarshen shekarun 2000. A 2008 aka gano cewa yawancin ƙarin filosaitik astirosaitoma, mai tafiyar hawainiya, yana ɗauke da haɗewar ƙwayoyin gado biyu, KIAA1549 da BRAF. A 2012 masana suka amince cewa medulobilastoma cuta huɗu ce a riga ɗaya: WNT, SHH, Rukuni na 3 da Rukuni na 4. A shekarar ce kuma aka gano sauyin H3 K27M a giliyoma (wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa) da ke kama gindin ƙwaƙwalwa, wadda galibi ba ta barin yaro ya shekara. Hukumar ta shigar da alamomin cikin kundinta a 2016, bugu na biyar na 2021 kuma ya ware giliyomar yara daga ta manya. Tsakanin bugun biyu, a 2018, masana a Haidelbag ta Jamus suka fito da hanyar gane ƙari ta tsarin sinadarin metil da ke manne da DNA ɗinsa.

Amfani

A medulobilastoma, rukunin WNT, mai sauyi a ƙwayar gado ta CTNNB1 da rashin kuromosom na 6 guda, shi ne mai sauƙi, sama da kashi 90 cikin 100 na yaran sukan rayu. Shi ya sa ake gwada rage musu gashi, tunda shi kansa gashin yana taɓa girman yaro da kaifin karatunsa. Rukuni na 3 mai yawan ƙwayar gado ta MYC shi ne mai zafi. Iyakar Rukuni na 3 da na 4 har yanzu ana jayayya a kanta.

A 2023 Amurka ta amince da haɗin magungunan dabrafenib da trametinib ga yaran da giliyomarsu mai sanyin tafiya ke da sauyin BRAF V600E.

Rashin furotin INI1 shi ke tabbatar da ƙarin rabdoyid na jarirai.

A Kaduna

Ciwon kai da sassafe, amai, tangaɗi wajen tafiya, ko ido ya karkace, su ne abin da uwa ke fara gani, kuma sau da yawa sai an sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, wani lokacin har da na iska, kafin a kai ga hoton kai. Wasu yaran ma a wajen likitan ido ake fara hango kumburin jijiyar gani. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da sashen cutar daji. Karanta DNA na da tsada, amma wasu alamomin, irin su INI1 da H3 K27M, ana iya ganinsu ta hanyar rina siririn yankin tsoka. Tsokar da aka ciro akan daskarar da ita cikin kakin farafin, ɗan dunƙule da bai kai kwalin ashana ba, wanda za a iya aikawa wani ɗakin gwaji ko bayan shekaru.