Okestirar Kimbangu ta Kinshasa

Okestirar Kimbangu, wadda da Faransanci ake ce mata Orchestre Symphonique Kimbanguiste, ƙungiyar makaɗa ce da mawaƙa a Kinshasa, babban birnin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Irin kiɗan gargajiyar Turawan nan suke yi, na su Beethoven da Handel, wanda za ka ga mutane sun jeru da goge da ƙaho da sarewa, mutum ɗaya na gabansu da ɗan sanda yana ba su hannu. Yawancin 'yan ƙungiyar ba da kiɗan suke ci ba, kowa da sana'arsa, sai da yamma a haɗu a yi atisaye.

Wanda ya kafa ta kuma yake jagorantar ta shi ne Armand Diangienda. Asalinsa matuƙin jirgin sama ne, ya rasa aikin a farkon shekarun 1990, sai a 1994 ya tara mutane suka fara. Bai yi makarantar kiɗa ba, da kansa ya koyi yadda ake jan ragamar makaɗa. Jika ne ga Simon Kimbangu, mai wa'azin nan da ya fito a ƙauyen Nkamba a 1921, Turawan Beljiyam suka kama shi a shekarar, ya zauna a kurkuku har ya rasu a 1951. Daga sunansa cocin mabiyansa ya samo suna, okestirar ma a cikin cocin ta tsiro.

Farkon abin wahala ce zalla. Kayan kiɗa ba su kai yawan mutane ba, 'yan gogen da ake da su sai dai a yi karɓa-karɓa, wannan ya yi 'yan mintuna ya miƙa wa na kusa da shi. In tsirkiya ta tsinke babu shagon da za a je a sayo wata a garin, wayar birkin keke ake nemowa a ɗaura a ci gaba. Wani daga cikinsu ma warware kayan ya riƙa yi yana duba yadda aka haɗa su, daga nan ya koma sassaƙa manyan goge da katakon gida. Takardun kiɗa kuwa da hannu ake kwafa. Ga matsalar wuta, ana tsakiyar atisaye sai a ɗauke, wani makaɗi da ya san aikin lantarki ya ajiye gogensa ya tafi wajen janareta, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. A harabar gidan Diangienda suke haɗuwa, a unguwar Ngiri-Ngiri, wasu kuma tafiyar ƙafa mai nisa suke yi kafin su iso bayan sun wuni a kasuwa ko shagon aski. A hankali suka ƙaru har suka kai wajen mutum 200 idan an haɗa da mawaƙan.

 

Duniya ta san su sosai ne a 2010, da wasu Jamusawa biyu, Claus Wischmann da Martin Baer, suka fitar da fim ɗin Kinshasa Symphony. Fim ɗin ya bi su suna shirin kaɗa simfoni ta 9 ta Beethoven, wani dogon kiɗa na makaɗa da mawaƙa, a fili, mawaƙan na ta fama da kalmomin Jamusanci, mutanen da Lingala da Faransanci ne a bakinsu. A 2012 shirin 60 Minutes na tashar CBS ya yi rahoto a kansu, bayan nan aka aiko musu da kayan kiɗa daga waje. A 2013 Royal Philharmonic Society ta Landan ta ba Diangienda matsayin mamba na girmamawa, ita ce kuwa ƙungiyar da tun asali ta biya Beethoven ya rubuta simfoni ta 9 ɗin. A 2014 suka je Ingila suka yi wasa a Landan da Manchester da Bristol, suka leƙa Cardiff. Yanzu har kiɗan da 'yan ƙungiyar suka tsara da kansu suna sakawa, mai ɗanɗanon Kongo a ciki.