Ceto ta Wurin Alheri

Ceto ta wurin alheri koyarwa ce a addinin Kirista da ke cewa kyauta Allah yake ceton mutum, albarkacin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa daga matattu. Ayyukan kirki, a wannan fahimta, 'ya'yan ceto ne, ba su ne kuɗinsa ba.

Tushe

An fi kafa hujja da Afisawa 2:8-9 da Romawa sura 3, wasiƙun da ake danganta wa Manzo Bulus. Batun sauyin zuciya kuwa ya girme su: a Ezekiyel 36:26 Allah ya yi alkawarin cire zuciyar dutse ya sa ta nama. A Yahaya sura 3 Yesu ya gaya wa Nikodimu, wani shugaban Yahudawa, cewa sai an sāke haifar mutum.

Tarihi

A Arewacin Afirka gardama kan alheri ta fara zafi. Wajen farkon ƙarni na 5 wani malami mai suna Filajiyus, wanda ake jin ɗan Birtaniya ne, ya koyar a Roma cewa mutum yana da ikon bin umarnin Allah da zaɓin kansa. Agustin (354-430), bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya ce faufau: tun faɗuwar Adamu zunubi ya gurgunta nufin ɗan Adam, ko son tuba ma sai Allah ya dasa shi a zuciya. Taron shugabannin coci na Kartaj a 418 ya yi tir da koyarwar Filajiyus, taron Oranj na 529 kuma ya tabbatar da mafi yawan ra'ayin Agustin.

Martin Luta, wanda shi ma a ƙungiyar sufaye masu bin tafarkin Agustin ya taso, ya farfaɗo da zancen a Jamus a 1517, lokacin da ya soki sayar da takardun sassauta horon zunubi. Daga nan Furotesta suka riƙe "bangaskiya kaɗai". Cocin Katolika ya mayar da martani a taron Tirent a 1547: alheri ne mafari, amma yana sabunta mutum daga ciki, mutum kuma yana ba da haɗin kai.

Ran 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg, Katolika da Tarayyar Luteran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar cewa ta alheri kaɗai ake samun ceto. Metodis sun shiga a 2006.

Saɓani

Yakubu 2:26 ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, kowane ɓangare kuma da fassararsa. Mabiya Kalbin da na Arminiyus, malaman Furotesta biyu, har yanzu ba su daidaita ba kan ko mutum yana iya ƙin alherin.