Tsaron jarrabawa a Tawa: ku karanta wannan kafin ku kira ni

Shekarata huɗu ina koyar da Ingilishi a wata kwaleji mai zaman kanta a Tawa, Jamhuriyar Nijar, ni kuwa Basakkwace ne. Duk malamin da ya ƙetaro daga Najeriya ta Illela ya sauka Kwanni yana neman aiki, sai a ce ya neme ni. Tambayoyin kuma kullum su ne dai. To ga su nan, in huta.

Sai na iya Faransanci?

Ƙwarai. Hausa za ta kai ka kasuwa ta dawo da kai, amma umarnin da ke kan takardar jarrabawa da Faransanci aka rubuta shi. Koyi na aiki.

Wane aji ne daidai da JSS3?

Daina wannan awon. Kwaleji a Nijar shekara 4 ce, ba 3 ba, kuma lissafin ƙasa yake yi: 6e, 5e, 4e, 3e. A ƙarshen 3e ake zana BEPC, jarrabawar kammala kwaleji.

Za a ba ni tsaron BEPC ɗin?

Jarrabawar gwamnati ce, ita ke raba masu tsaronta. Ni abin da nake tsarewa shi ne kompozisiyon, wato jarrabawar zango ta makarantarmu, da jarrabawar gwaji ta 'yan 3e. Ya ishe ka aiki.

Yara suna ce mini "mushe". Raini ne?

Monsieur ne na Faransanci, Malam suke nufi. Amsa kawai.

Na kama ɗan mai gidan da nake haya da takardar satar amsa. Yaya zan yi?

Yauwa, wannan ce tambaya. Amsarta kuma ba ɗaya ba ce, ya danganta da abin da ka gani da wanda ya gani tare da kai. In waige ne ko raɗa, sauya masa wuri, ka wuce abinka. In takarda ce a hannu ko waya a cinya, ka karɓe cikin natsuwa, ban da tsawa, ban da zagi, balle mari. Kira abokin tsaronka ya gani da idonsa nan take. In kai kaɗai ne a ɗakin, tura a kira sirbeyan, wato mai kula da ɗa'ar ɗalibai, kada ka fita ka bar sauran yaran su yi walima. Sai ka rubuta lokaci da abin da aka samu, ku sa hannu ku biyu, ka haɗa da takardar ka miƙa wa darakta. Hukunci nasa ne. Kada ka yaga takardar jarrabawar yaron, bar shi ya ƙarasa rubutunsa sai dai in dokar makarantarku ta ce akasin haka, don haka ka tambayi dokar tun kafin ranar.

Na san abin da ke ranka, Malam: da yamma uban zai yi sallama, kai kuma baƙo raɓa ne. Ni ma an yi mini. Dattijo ne, ya zo da goro, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya taɓo zancen. Na shimfiɗa masa tabarma, na ce, "Baba, da a hannuna take da mun duba, amma takarda ta riga ta shiga ofis." Gaskiya na faɗa, kuma amfanin miƙawa da wuri ke nan. Bai ji daɗi ba. Gaisuwarmu ta yi sanyi kusan wata biyu, amma bai tashe ni ba. Ban ce kowane mai gida haka yake ba, kuma akwai daraktan da zai binne maganar don kuɗin makaranta. In ya binne, kai dai ka ajiye kwafin abin da ka rubuta. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka kau da kai. Yara sittin sun gani, gobe kowa zai zo da tasa.

Yarinya ta ci 14. Ta faɗi ke nan?

Haba Malam! Bisa 20 ake ba da maki, 10 ne matsakaici. Na ga sabon zuwa yana yi wa mai 16 faɗa, yarinyar har da hawaye. Kuma darussa ba nauyinsu ɗaya ba, kowanne da lambar da ake ninka makinsa da ita.

Zan iya zama?

Zauna, amma a bayan aji. Kuma ka ajiye wayarka, tunda ka karɓe tasu.

Zafin fa?

Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40. Ka taho da ruwanka, ka bar kwat ɗin a gida.