Waiwaye: Sarki Alfonso na Uku da Tushen Gardamar Tarihin Sifaniya

Duk ranar 2 ga Janairu, idan birnin Garnaɗa ya yi bikin tunawa da faɗuwar daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar Sifaniya a 1492, gardama takan sake tashi a Sifaniya. Wasu na ganin ƙarni kusan takwas da suka gabaci wannan rana yaƙi guda ne na ƙwato ƙasar da aka ƙwace, masana tarihi da dama kuwa na cewa daga baya aka ɗinke labarin. Mai sauraro zai zaci siyasar zamani ce ta haifi maganar, alhali tushenta ya haura shekara dubu.

Farkon labarin sananne ne. A 711 Ɗariƙu bin Ziyad ya tsallako teku, ya karya Sarki Rodrigo, mulkin Bisigot, Kiristocin da suka mulki ƙasar daga birnin Toledo, ya rushe, sannan wani Kirista mai suna Pelayo ya yi wa Musulmi tawaye a duwatsun Asturiya da ke arewa, ya ci nasara a Kobadonga. Sai dai tarihin da wani Kirista ya rubuta a 754, lokacin da shaidun gani da ido suke raye, ko sunan Pelayo bai ambata ba.

Wanda zamaninsa ya ba wannan artabu girman da yake da shi yau shi ne Alfonso na Uku, sarkin Asturiya. Ya hau gadon mahaifinsa Ordonyo a birnin Obiyedo a 866 yana matashi, wani hakimin Galisiya ya kore shi, ya komo ya karɓi sarautarsa. Ya yi sa'ar zamani, domin masarautar Musulmi ta Kurɗuba da ke kudu tana fama da tawayen Umar bin Hafsun da na Ibn Marwan. Mutanensa suka kama Porto a 868, ya ci dakarun Sarki Muhammadu na Ɗaya na Kurɗuba a Polboraria a 878, ya raya Zamora a 893.

Ƙasa ta faɗaɗa, ana kuma buƙatar hujjar mallakarta. A daidai wannan lokaci limaman Kirista masu ilimi suna ƙaura daga kudu zuwa arewa, ɗauke da littattafai da begen tsohuwar daular Toledo. Cikin shekarun 880 aka rubuta tarihi uku a da'irar fadar, waɗanda suka haɗa jinin sarakunan Asturiya da na Bisigot, suka mai da mamayar kowane gari maido da gado. Ɗaya daga cikinsu ya ce Musulmi 187,000 ne suka tunkari Pelayo, adadin da kwazazzabon Kobadonga ba zai iya ɗauka ba. Wani, na 883, ya yi hasashen cewa mulkin Musulmi zai ƙare da cikarsa shekara 170, Alfonso ya mallaki Sifaniya baki ɗaya.

Abin lura shi ne sarkin kansa bai rayu bisa wannan layi ba. Ya ƙulla ƙawance da Ibn Marwan, wanda har ya aika masa da wazirin Kurɗuba da ya kama, ya kuma ba da ɗansa Ordonyo riƙo a gidan Banu Ƙasi, Musulmin kwarin Ebro. A ganina, nan ne taƙaddamar ta samo asali: abin da aka rubuta ya fi abin da aka aikata tsabta da sauƙin haddacewa.

Hasashen bai tabbata ba. Alfonso ya rasu a Zamora a 910, 'ya'yansa uku suka raba ƙasar, a 929 kuma Abdurrahman na Uku ya ayyana halifanci a Kurɗuba. Rubuce-rubucen ne suka tsira, marubutan masarautun Kirista na Leyon da Kastila suka yi ta kwafarsu, har masana ƙarni na 19 suka ɗora tarihin ƙasa a kansu, ya shiga littattafan makaranta.