Ma'anar "inerting": dabarar hana tankin man jirgin sama kama wuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai walda lokacin da aka kawo masa tankin mota da ya huje, ya ga yadda yake taka-tsantsan. Ba zai kusanto da wuta ba sai ya wanke tankin ya cika shi da ruwa har wuya, wani ma sai ya zura masa tiyo daga salansar mota don hayaƙi ya kori abin da ke ciki. Idan ka ce masa ai babu ko ɗigon fetur a ciki, zai ce maka abin da yake tsoro ke nan. Tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari, domin tururin man da ya gauraya da iska shi ne ke fashewa.

Abin da mai waldan nan yake yi da hayaƙin salansa, shi injiniyoyin jirgin sama suke kira "inerting" da Turanci. Da Hausa sai mu ce kashe kaifin iskar tanki. Wuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu: makamashi, iskar oksijin, da tartsatsi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, kusan kashi 78 kuwa naitirojin ce, wadda ba ta ci da wuta ba ta kuma rura ta. To, idan aka riƙa tura naitirojin cikin sararin da ke saman mai a tanki har oksijin ta sauko kashi 12 ko ƙasa da haka, ko tartsatsi ya tashi ba zai sami abin kamawa ba.

An daɗe da sanin wannan a jiragen soja. Abin da ya tilasta kawo shi jiragen fasinja wani mummunan hatsari ne. Ranar 17 ga Yulin 1996, jirgin TWA mai lamba 800, ƙirar Boeing 747, ya tashi daga New York zuwa Paris. Kimanin minti 12 da tashinsa ya tarwatse a sama, ya zube cikin tekun Atlantika. Mutum 230 ne a ciki, babu wanda ya fita. Da farko kowa bam ko makami mai linzami ya zarga. Sai da hukumar binciken hatsarori ta Amurka, NTSB, ta shekara huɗu tana aiki, har ta tsamo ɓaraguzan daga ƙarƙashin ruwa ta sake harhaɗa gangar jikin jirgin, kafin ta bayyana cewa tankin tsakiya ne ya fashe.

A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau. Man jirgin sama ɗan'uwan kananzir ne, ba ya fitar da tururi mai kamawa sai zafinsa ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin Salsiyos. Tankunan da ke cikin fukafukai iska na sanyaya su. Amma tankin tsakiya yana cikin tumbin jirgi ne, kuma a ƙarƙashinsa aka dasa na'urorin sanyaya ɗakin fasinja, waɗanda su kansu zafi suke fitarwa. A ranar, tankin da ke cin kusan galan 13,000 galan 50 kacal ya rage a gindinsa. An jinkirta tashin jirgin, na'urorin suka yi ta aiki sama da awa biyu yana tsaye a fili lokacin bazara, suna dafa ɗan man nan kamar tukunya a kan murhu. Da jirgin ya yi sama, nauyin iska ya ragu, tururin ya ƙara samun damar tashi. Saura tartsatsi kawai, kuma masu binciken sun fi kyautata zaton wutar lantarki ce mai ƙarfi ta tsallaka cikin wayoyin ma'aunin mai. Wanda ya san zafin Kano ko Yamai a watan Afrilu ba ya buƙatar a faɗa masa cewa digiri 38 ba wani nisa gare shi ba.

Ba shi ne na farko ba, ba kuma na ƙarshe ba. A 1990 tankin tsakiyar wani Boeing 737 ya fashe a Manila tun jirgin bai tashi ba, mutum 8 suka rasu. A 2001 aka sake yin irinsa a Bangkok, ma'aikacin jirgi ɗaya ya rasu.

Tsohon tunanin masu ƙera jirage shi ne a hana tartsatsi shiga tanki, shi ke nan. A kan haka hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da dokar da ake kira SFAR 88 a 2001, wadda ta sa kamfanoni suka sake bin wayoyi da famfunan mai ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka tono na aibu yana da yawa, kuma yawan nasa ya nuna cewa babu mai iya rantsuwa ya toshe kowace kafa a jirgin da zai shekara talatin yana aiki. Waya tana tsufa, rigarta tana tsagewa. Dole a taɓa iskar kanta.

Kamfanoni sun yi ta kukan tsada da nauyin na'urar da za ta riƙa tura naitirojin cikin tanki. Da gwaje-gwajen FAA suka nuna kashi 12 ya wadatar, maimakon kashi 9 da soja ke bi, sai aka iya ƙera ƙarama mara nauyi. A Yulin 2008 dokar ta fito: sababbin jiragen fasinja masu irin wannan tanki su fito da kariya, waɗanda aka ƙera daga 1992 kuma a saka musu cikin wa'adi. Shekara 12 ke nan bayan TWA 800. A ganina jinkirin ya yi yawa, domin duk tsawon lokacin mutane na zaune a saman tankunan da aka riga aka san halinsu.

Jirgin ba ya ɗaukar tulun naitirojin. A yawancin jirage ana ɗibar iska mai zafi daga inji, a sanyaya ta, a tace ta, sannan a tura ta cikin wani bututu da aka cunkushe da dubban zaruruwa masu rami, kowanne siririnsa kamar gashin kai. Oksijin ta fi saurin ratsa jikin zaren, sai ta zurare a zubar da ita waje. Abin da ya isa ƙarshen bututun galibinsa naitirojin ne, shi ake kai wa tanki. Fasinja ba ya jin komai.

Makanikai kuwa sun sami sabon abin tsoro. Iskar da ba ta rura wuta ba ta riƙe numfashi, ga shi ba ta da launi ba ta da wari, mutum zai iya sumewa kafin ya ankara. Shi ya sa ake manna gargaɗi a kusa da murfin shiga tankin, kuma makaniki ba ya zura kansa ciki sai an hura iska mai kyau an auna oksijin, da wani a tsaye a bakin ramin yana lura da shi.