Wace ce 'yar leƙen asiri, kuma me ya raba ta da soja?

Leƙe dai kowa ya san shi, ka tura kai ka ga abin da ba a nuna maka ba. Asiri kuwa, kalmar da muka aro daga Larabci, shi ne abin da aka ɓoye. A bakin jama'a, duk matar da ta cika sa ido ana iya ce mata 'yar leƙen asiri, amma a dokar yaƙi maganar ba ta da faɗi haka.

Dokokin yaƙi da aka rattaba wa hannu a birnin Heg na ƙasar Holan a 1907 sun ce ɗan leƙen asiri shi ne wanda ya tattara bayanai a yankin abokan gaba a ɓoye, ko ta hanyar ɓad da kama, don ya kai wa nasa ɓangaren. Sojan da ya kutsa cikin sansanin maƙiya sanye da kakinsa, ko da bayanan ya je nema, ba a kiransa da wannan suna. In an kama shi, fursunan yaƙi ne. Wanda ya shiga da kayan gida kuwa ba shi da wannan rigar kariya. Iyakar abin da doka ta tanadar masa shi ne a yi masa shari'a kafin a hukunta shi.

To a nan ne batun mata ya shigo. A Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar SOE, wadda Ingila ta kafa a 1940 don leƙen asiri da zagon ƙasa a yankunan abokan gaba, ta tura mata 39 zuwa Faransa lokacin da take hannun Jamus. Dalilin a fili yake. Saurayi mai jini a jika in ya fito titi sai ya sha tambaya, musamman bayan an fara kwasar samari zuwa aikin dole a Jamus. Mace a kan keke da kwandon cefane kuwa, wa zai tsaya mata? Rainin da ake yi mata shi ne makaminta, kuma rashin kakin nan shi ne ajalinta in dubu ta cika.

Dubi Noor Inayat Khan, 'yar wani malamin Sufaye ɗan Indiya. An sauke ta a Faransa a watan Yunin 1943, aikinta aika saƙo Landan ta rediyo, wanda shi ne mafi hatsari, domin Jamusawa na da na'urorin bin sawun siginar. An cafke kusan duk abokan aikinta, ita kuma ta ci gaba da aikin tana sauya maɓoya har watan Oktoba, da aka ci amanarta. An harbe ta a sansanin fursunoni na Dachau da ke Jamus a Satumban 1944, ko shari'ar da doka ta ce ba a yi mata ba.

Ni dai abin da ke ba ni haushi shi ne da an ce 'yar leƙen asiri sai a tuna Mata Hari, 'yar rawar nan da Faransa ta kashe a 1917, kamar dai kwarkwasa ce duk sana'ar. Yawancinsu aikinsu kai takarda ne, da haddace taswira, da iya bakinsu.

Ta fuskar soja, wasu matan kakin ne ma ya zama ɓad da kamarsu. A yaƙin basasar Amurka, Sarah Edmonds ta shiga rundunar Arewa a 1861 da sunan namiji, Franklin Thompson. Tarayyar Sobiyet kuwa a Yaƙin Duniya na Biyu a sarari ta ɗauki mata soja, cikinsu har da gwanar harbi Lyudmila Pavlichenko, wadda aka ƙirga mata maƙiya 309 da ta kashe.

Harriet Tubman, baƙar fatar Amurka da ta tsere daga bauta, ta taɓa kowane ɓangare. A yaƙin basasar Amurka ta yi wa sojojin Arewa leƙen asiri, sannan a Yunin 1863 ta yi musu jagora a farmakin kogin Combahee, inda bayi fiye da 700 suka kuɓuta. Da yake sunanta ba ya cikin rajistar soja, ta shafe shekara talatin da 'yan kai tana neman haƙƙinta. Sai a 1899 aka yanka mata fansho na dala 20 a wata, shi ma da sunan matar marigayi soja kuma ma'aikaciyar jinya.