Ruwan sha da abincin mai aiki: ina iyakar take?

A Gusau yanzu da wuya ka shiga gidan malamar makaranta ko nas ko mai shago ba ka tarar da wata na zuwa yi mata shara da wanke-wanke ba. Wata kullum take zuwa, wata sau biyu ko uku a mako. Kuɗin wata a fili ake cinikinsa tun ranar farko, har a ja a daidaita. Abin da ba a taɓa zancensa shi ne na sa wa a baki. Uwargida na jin nauyin ta ce "wannan kada ki taɓa", mai aiki na jin kunyar ta ce "ban karya ba", sai a bar maganar a rufe har ranar da za ta fito ta mummunar hanya. Tambayoyin nan su ne na fi ji a bakin mata, a gidan biki ko a ɗakin malamai.

Awa biyu ko uku take yi ta tafi. Sai na ba ta abinci?

Ruwa dai ba ya cikin ciniki. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, kuma da yawansu a ƙasa suke takowa daga Damba ko Gada Biyu don kada kuɗin keke ya cinye ladan. Wadda ta iso haka, a miƙa mata ruwa kafin a nuna mata tsintsiya, a kuma nuna mata randa ko inda ake ajiye fiya wata, ta riƙa ɗauka ba sai ta tambaya ba.

Abinci kuwa lokaci ne ke yanke hukunci. In ta zo ƙarfe goma ta tafi sha biyu, kowa ya riga ya karya, ba a sauke na rana ba, babu wanda zai ce kin yi laifi don ba ki ɗora mata tukunya ba. Amma in aikinta ya ratsa lokacin cin abinci, kuna ci tana goge tayil a gefenku, to a zuba mata. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce idan mai yi wa ɗayanku hidima ya kawo masa abincinsa, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, to ya miƙa masa loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafinsa da wahalarsa. Wadda za ta kankare ƙanzon tukunyar nan anjima ita ma ta sha nata kason wahalar.

Kullum ina mata tayi, kullum sai ta ce ta ƙoshi. In ƙyale ta?

Tayi daban, bayarwa daban. "Bismillah" da ake yi wa mai wucewa kowa ya san ba gayyata ba ce, kuma amsarta ɗaya: "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Matar da ta girma a karkara, aka tarbiyyantar da ita kan cewa cin abinci a gaban mutane rashin ta ido ne, ko yunwa za ta kayar da ita haka za ta ce miki.

Akwai dattijuwar da ta yi mana shara kusan shekara biyu, muna kiran ta Inna don ta haife ni. Watan farko duk safiya ina cewa, "Inna, ga koko fa," ita kuma ta ce, "Na ƙoshi, Hajiya, yanzu na karya." Wata rana na leƙo na gan ta ta dafa bango tana jiran jiri ya sake ta. Tun daga ranar na daina tambaya. Sai in zuba kokon a kofi, in sa ƙosai a faranti, in rufe, in ɗora a kan tagar kicin, in ce, "Inna, naki yana kan taga," in shige ɗaki in ja labule. Bayan kwata in fito in tarar da kofin a wanke, an kife shi. Ba ta taɓa ci ina kallo ba, ni ma ban taɓa cewa "kin ci?" ba.

In kuma aka yi haka kwana da kwanaki ana tarar da abincin yadda aka ajiye shi, a daina. Wata tana da ciwon suga ko gyambon ciki, wata ba ta cin abin da ba ta saba ba, wata azumin nafila take yi ranar Litinin da Alhamis. Ba a yi wa babba ɗura.

Ya halatta ta buɗe firij ta ɗauki abin da take so?

Nan ne yawancin rigimar take, kuma laifin masu gida ya fi yawa. Sai a ce wa baƙuwar mai aiki, "Ki saki jiki, nan gidanku ne," alhali ba haka ake nufi ba. Ita ta ɗauki maganar da gaske ta fasa lemon kwalba, uwargida ta shiga ɗaki tana ƙunƙuni. Gara a kira kowane abu da sunansa tun ranar farko: ruwan sanyin da ke ƙasan firij naki ne, ga ganyen shayi da suga, ga burodi in akwai. Madarar jariri, lemon da aka aje don baƙi, da abin da ke cikin robar maigida, waɗannan sai an tambaya. Maganar minti biyu ce, kuma na lura masu aikin sun fi son ta, domin wanda bai san iyaka ba kullum a tsorace yake.

Kulle sito ba cin fuska ba ne, matuƙar tun farko a kulle ta same shi. Wanda yake ciwo shi ne kwaɗon da ya bayyana rana tsaka, bayan wata shida ƙofa na buɗe. Ko ba a ce komai ba an kira ta ɓarauniya.

Kuma kafin a zargi mai aiki a fara bincika 'yan gida. Ni kaina na taɓa ganin gwangwanin madara na raguwa, har na fara yi masa alama da biro, ina shirya yadda zan yi wa yarinyar da ke mana wanke-wanke magana. Ashe ɗana ne yake shiga da cokali bayan kowa ya kwanta. Har yau in na tuna saura ƙiris in buɗe baki sai jikina ya yi sanyi. Masu ajiye tsokar nama a fili da gangan don su gwada mutum kuwa, wannan tarko ne, kuma wanda ya ɗana wa mai yunwa tarko ban ga abin da ya gano ba sai yunwar.

Laifi ne in ware mata kofi da kwanonta?

In kowa a gidan yana da kofinsa, nata ma ya zama ɗaya daga ciki, mai kyau, ajiye a inda ake ajiye sauran. Abin da ba ya kyau shi ne tsohuwar roba mai tsaga da aka jefa a bakin rariya aka ce ita ce ta mai aiki. Hannun da kika yarda ya wanke farantin da mijinki zai ci abinci, bai kamata bakinsa ya zama abin ƙyama ba. Sabulu da ruwa suna wanke kofinta yadda suke wanke naki. In tsafta ce damuwar, a aje mata sabulun wanke hannu ta yi amfani da shi bayan ta gama da banɗaki da Hypo, a kuma bar ta ta gama wannan ɓangaren kafin a kawo abinci.

Hadisin Abu Zarr da ke cikin Bukhari da Muslim ya kira masu hidima 'yan'uwanku, ya ce a ciyar da su daga abin da ake ci, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Wannan ba ya nufin sai an zaunar da ita kan tebur gaban maigida, don ba za ta iya haɗiya ba. Tabarma ko kujerar tsugunno a inuwa, da minti goma sha biyar da babu mai ƙwala mata kira, sun fi mata.

Sauran abincin jiya fa?

Ɗumame ba abin kunya ba ne, da shi aka raine mu. Tuwon dawa da miyar kuka da suka kwana wasu ma sun fi son su da sabo. Sai dai a bambanta sauran tukunya da sauran kwano. Abin da ya rage a tukunya abinci ne. Abin da yara suka jagwalgwala, ga ƙashi ga yawu, na kaji ne.

Sai kuma wanda ya fara lalacewa. An ɗauke wuta kwana biyu, miya ta yi tsami, shinkafa ta fara yauƙi, sai ka ji an ce, "A ba mai aiki, kada a yi asara." Shinkafar da ta kwana a zafi ba firij takan jawo amai da gudawa, kuma ɗumamawa ba ta kashe gubar da ta riga ta taru a ciki. In ta kwanta ciwo, ita za ta sayi magani, ita kuma za ta rasa aikin sauran gidajen da take zuwa. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya nufi mummunan abu ya bayar, wanda shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Ki shinshina ki tambayi kanki ko za ki ba autanki.

Ba ta ci a nan, sai ta juye a leda ta tafi da shi. In yi magana?

Da yawa daga matan da ke aikatau a Gusau 'yan gudun hijira ne, daga ƙauyukan Maradun, Zurmi, Tsafe ko Anka, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Wata mijinta ya rasu, tana zaune a kango da yara huɗu ko biyar. Na taɓa tambayar wata dalilin da ba ta ci, ta ce, "Hajiya, ɗiyana na can ba su sa komi ciki ba, mi za ni ce musu?" Ban sami amsa ba.

Abin da kika ba ta ya zama nata, inda za ta kai shi ba huruminki ba ne. Sai dai aiki da ƙarfi ake yin sa, don haka in da hali a raba biyu: ɗan abin da za ta ci nan take, ko kunu ne ko fura, da wanda za ta ƙulle. Kada kuma tausayin rana ɗaya ya sa ki ɗauki alkawarin ciyar da gidanta kullum, wata biyu ki gaji ki fara ɗaure fuska. Tiyar gero ko masara a ƙarshen wata, wadda kika san za ki iya ɗorewa a kai, ta fi. In ta fara zuwa da yara uku lokacin cin abinci alhali tukunyarki ba za ta ɗauka ba, ki faɗa mata ke da ita, ba a gaban yaran ba.

Tunda ina ciyar da ita, zan iya rage mata kuɗi?

In ba da haka aka yi ciniki ba, a'a. Tuwo ba ya biyan haya, ba ya sayen magani. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce da kuɗi ake biyan lada, yarjejeniya ta 189 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 2011 kan masu aikin gida ita ma ɗan kaso kaɗan ta yarda a biya da abin da ba kuɗi ba, shi ma sai da amincewar mai aikin. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai shigo kicin ɗin kowa ba, don dokar ta tsame mai ma'aikata ƙasa da 25. Wato babu mai kare ɗan abin da take karɓa sai tsoron Allahn uwargida.

Gaskiya ne tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowace tukunya ta ji jiki. In ba za ki iya na rana ba, ki ce, "Karin safe kawai za mu iya." Wannan ya fi a ba ta ana gori, ranar da ta fasa kofi a ce "duk abincin da kike ci a gidan nan". Aya ta 264 a Baƙara ta ce gori yana ɓata sadaka.

Da azumi fa?

Azumin 2024 da na 2025 duk cikin Maris suka kama, da zafinsa. A matso da aikin zuwa sassafe, a sallame ta da wuri, in kuma ta kai yamma a haɗa ta da kunu da ƙosai da 'yan dabino. Wadda ba ta azumi, Kirista ce ko mai shayarwa ko mai uzurin mata, a aje mata ruwa da abinci a kicin ba tare da tambayar dalili ba.

Ina wajen aiki lokacin da take zuwa. Ya zan yi?

Ki zuba a kula ki aje wuri ɗaya da kuka sani ku biyu, ki gaya mata da bakinki cewa duk abin da ta tarar a wurin nata ne. Kada ki bar saƙon a hannun yara, don yaro zai iya cinyewa ya ce ya ba ta, ko ya miƙa mata da gatsali. Su ma a koya musu su ce Inna ko Anti, su miƙa da hannun dama. In almajiri ne ke miki shara da ɗebo ruwa, ki ce ya zauna a zaure ya ci nasa tukuna, sannan a zuba masa na tafiya a robarsa, domin in ya koma makaranta da shi hannu goma ne zai shiga ciki.